Ɗan Maraya Jos da Kuntiginsa

Duk wanda ya yi zaman makarantar kwana tare da mu zai tuna daren Asabar, lokacin da ake jan teburan ɗakin cin abinci gefe, a jera bencina, a ce duk mai abin nunawa ya ba da sunansa ya fito fili. Wasu su yi wasan kwaikwayo, wasu kacici-kacici, wasu kuma su rera waƙar Indiya da ba su san ma'anarta ba. Amma da wuya a tashi ba a sami wanda ya fito da gwangwanin kifi mai tsirkiya ɗaya ba, yana maƙale murya wai shi Ɗan Maraya Jos. Mun sha dariya, mun sha tafi, alhali yawancinmu ba mu san tarihin mutumin da ake kwaikwayo ba. Shi nake so in ɗan gutsura mana a wannan fitowa.

Sunansa na yanka Adamu, ana ce masa Adamu Wayya. An haife shi a 1946 a Bukuru, kusa da Jos. Bukuru ta wancan zamani garin kuza ce. Tun a 1914 ƙaramin jirgin ƙasa ya iso ta daga Zariya don kwasar kuza, kuma neman abinci ya tara mata Hausawa da Barebari da Yarabawa da Ibo, ga su Birom masu ƙasa. Mahaifinsa makaɗin Sarkin Bukuru ne, ya rasu jim kaɗan bayan haihuwarsa, mahaifiyar ma ta bi shi tun yaron yana ƙarami. Sarkin ne ya ɗauke shi ya riƙe. Ashe ke nan laƙabin Ɗan Maraya ba ado ba ne, labarin rayuwarsa ne.

A wata tafiya da ya yi zuwa Maiduguri ya ga kuntigi, abin ya shiga ransa, ya dawo da shi. To, a nan ne ya rabu da hanyar mahaifinsa. Makaɗin fada irin su Narambaɗa da Sa'idu Faru da Musa Ɗanƙwairo ba ya tafiya shi kaɗai: akwai masu kotso, akwai 'yan amshi, akwai sanƙira, kuma waƙar ta ubangida ce. Ko Mamman Shata, wanda bai ɗaure kansa ga fada ɗaya ba, yana da 'yan kalangu da 'yan amshinsa. Ɗan Maraya kuwa shi ne mai shirya waƙa, shi ne mai kiɗa, shi ne mai rerawa. Kayan aikinsa ɗan gwangwani ne da aka rufe da fatar akuya, da sanda, da tsirkiya guda, abin da zai shige aljihun riga. Mai irin wannan kaya ba ya jiran a gayyace shi fada. Inda duk mutane suka taru, fili ya samu.

Ina ganin wannan ne ya ba shi 'yancin zaɓen wanda zai yi wa waƙa. Ya waƙe manya, ba a musu, amma abin da ya fito da shi shi ne Waƙar Karen Mota. A lokacin, yaron mota mai ɗora kaya, mai sa wejin taya, mai kwana a ƙarƙashin babbar mota, ba wanda ke ganinsa da gashi. Sai ga makaɗi ya ɗauki salon da aka saba yabon sarakuna da shi ya yaba masa. Wanda ya taɓa hawa bayan akori-kura ranar komawa makaranta ya san mutumin da ake nufi.

Gidan Rediyon Kaduna, wanda ya fara aiki a 1962, ya kai muryarsa ko'ina a Arewa har Nijar. Lokacin yaƙin basasa, daga 1967 zuwa 1970, ya yi waƙoƙin ƙarfafa guiwar sojojin tarayya. Daga baya kaset ya zo, waƙoƙinsa suka cika tashoshin mota da shagunan tela.

A nawa ra'ayin, gwanintarsa ta fi fitowa a waƙoƙin zaman aure, wato Jawabin Aure da Auren Dole da Gulma Wuya. A cikinsu yakan sauya murya, ya yi ta miji, ya yi ta mata, ya yi ta magulmaciya, har mutum ya manta baki ɗaya ne ke magana. Kuma ya fito ya soki yi wa yarinya auren da ba ta so tun ana ganin faɗin haka rashin kunya ne. Waɗannan ne muka fi kwaikwayo ranar Asabar, don su ne ke sa dariya, ko da yake a shekarunmu na lokacin ba mu gane nauyin maganar ba.

Gwamnatin tarayya ta ba shi lambar girma ta MON, Jami'ar Jos kuma ta ba shi digirin girmamawa. Rikice-rikicen da suka auka wa Jos a 2001 da 2008 da 2010 sun raba unguwanni sun kori mutane da yawa, amma a garin ya ci gaba da zama har Allah ya karɓi ransa ranar Asabar, 20 ga Yuni, 2015. Allah ya jiƙansa da rahama.

'Yan ajinmu za su tuna ranar da wani malami ya ƙwace kuntigin abokinmu, ya ce ba roƙo aka turo shi koya ba. Malaminmu na Hausa, Allah ya saka masa da alheri, shi ya je ya karɓo shi. Bai mayar masa nan take ba. Sai ranar Litinin ya shigo aji da shi, ya ɗora a kan tebur, ya sa muka kwashe darasi biyu muna rarrabe yabo da zambo da habaici a waƙoƙin Ɗan Maraya, sannan ya miƙa wa mai shi, ya ce ya ɗaure tsirkiyar da kyau kafin Asabar.