Wa Ya Riga Wa: Tarihin Farashi da Lokaci a Wasan Magic

A shekarar 1993 kamfanin Wizards of the Coast na Amurka ya fitar da wasan karta mai suna Magic: The Gathering, ƙirƙirar masanin lissafi Richard Garfield. Kusan kowane kati yana da farashin da ake biya da "mana", wadda ake samu daga katunan ƙasa, kuma guda ɗaya tak ake ajiyewa a kowane zagaye. Hikimar ita ce kada mai manyan katuna ya murƙushe abokin karawarsa tun wasa bai kankama ba. Katin Black Lotus, da ake jefawa kyauta ya ba da mana uku, ya karya wannan ma'auni, dole aka taƙaita shi a gasa.

Da gasar ƙwararru ta kankama a 1996, kuɗi suka shigo, gardamar wane kati ke fara aiki ta daina zama abin wasa. Dokokin 1999 suka raba gardama: ana jibga katuna bisa juna, na ƙarshen jefawa shi ke fara aiki. A ganina wannan gyara ya fi kowane muhimmanci, domin ya fayyace damar da wanda aka kai wa hari ke da ita ta mayar da martani, muddin ya tanadi abin biya.