Soja da Itatuwan Kan Iyaka: Binciken Dajin Jibiya

Wanda ya tashi daga Katsina ya bi hanyar Jibiya, ya ƙetare a Magama ya faɗa Ɗan Isa cikin ƙasar Nijar, ba abin da zai gani dama da hauni sai gonakin gero da dawa, da gawo jefi jefi, da sabara a saura. Da wuya ya yarda in an ce masa a zamanin kakanninsa nan dawa ce wadda ayari ba ya shigarta sai da rakiyar mahaya. Labarin itatuwa da namun wannan daji kuwa yawancinsa soja ne suka fara rubuta shi, ko waɗanda suka biyo sawun soja, domin haka ya kamata mai karatu ya san dalilin da ya sa suka rubuta.

Da fari dai yaƙi ne ya haifi dajin. Bayan jihadi ya ci birnin Katsina wajen 1807, sarakunan Haɓe suka yi arewa, daga baya suka zauna a Maraɗi. Gobirawa kuma suka kafa Tsibiri kusa da su bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Tun daga nan hari bai yanke ba tsakanin Katsina da Maraɗi har ƙarshen ƙarnin. Talakawan da ke tsakani suka watse, wasu suka shige garuruwa masu ganuwa, gonaki suka koma saura, saura ta koma kurmi. Baturen nan Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya bi ta Tasawa da Gazawa ya shigo Katsina cikin watan Janairu 1851, ya kuwa ba da labarin dajin da ya ratsa da kufan Ɗankama. Da ya tashi zuwa Sakkwato a 1853 sai da ya bi ayarin Galadima, aka yi zagaye ta kudu saboda tsoron Gobirawa. Watau abin da Turawa suka tarar suka ɗauka daji ne tun fil azal, rabinsa kufai ne.

Sa'an nan aka zo rabon ƙasa. Ingila da Faransa sun fara shata layi a kan takarda a 1890, daga Sayi a bakin Kwara zuwa Barruwa a bakin Chadi, alhali ba wanda ya taka wurin. A 1898 suka sake, aka zana wani rabin da'ira mai nisan mil 100 daga birnin Sakkwato. Ba a daɗe ba Faransawa suka gane an bar su da ƙishirwa. Suna so su riƙa kai soja da kaya daga Kwara zuwa Damagaram, inda suka kafa mulkin soja a 1900, amma hanyar da ta rage musu ta arewa ce, ba ruwa sai rijiyoyi masu nisa da juna. Saboda haka suka matsa, a 1904 Ingila ta yarda ta ja layin kudu, Faransa kuwa ta saki wani haƙƙin kamun kifi da take da shi a gaɓar Newfoundland, can hayin tekun Atlantika. Abin mamaki ne a ce makomar rijiyoyin Gobir ta rataya a wuyan masuntan da ba su taɓa jin sunanta ba. Aka ƙulla sabuwar yarjejeniya ran 29 ga Mayu 1906, Maraɗi da Tsibiri suka faɗa hannun Faransa, Jibiya ta zauna cikin ƙasar Sarkin Katsina.

Waɗanda aka aiko su kafa alamun iyaka su ne Manjo O'Shee na Ingila da Kyaftin Tilho na Faransa. Sun yi aikin daga 1906 zuwa 1908, suka kafa alama 148 daga Kwara zuwa Chadi, aka tabbatar da aikinsu a 1910. A nan ne bambancin gwamnatocin biyu ya fito. Ingilishi sun zo auna ƙasa ne kawai, amma Tilho ya zo da masana. Akwai Likita Gaillard mai tattara dabbobi da tsirrai, da Garde masanin duwatsu, da Landeroin tafinta. Abin da suka tara aka kai shi Faris, masanan gidan ajiyar halittu suka tantance, aka buga sakamakon cikin littattafai uku tsakanin 1910 da 1914.

Kada a ɗauka sha'awar ilmi kaɗai ta kawo wannan. Hafsan da zai tura rundunar raƙuma da dawaki yana bukatar ya san inda ruwa yake kusa, da inda ciyawa take, da itacen da raƙumi ke ci, da fadamar da ƙudan tsando ke kashe dabba. Itace kuwa shaida ne: goriba da giginya suna nuna ruwa ba nisa, gawo yana nuna ƙasar noma wadda za ta ba da hatsi da haraji. Lissafin tsirrai a hannun soja rabinsa taswirar guzuri ce. Wannan bai rage darajar aikin ba, amma ya nuna inda ya karkata. Ƙarfin tarin nasu yana wajen tafkin Chadi, inda hankalin Tilho yake, kifi da katantanwa da tsirran ruwa. Gulbin Maraɗi da dajin Ruma an ratsa su ne a kan hanya.

Ga mai nazarin harshe, Landeroin ya fi sauran amfani. Shi ya zauna da dattawan Maraɗi da Tsibiri da Tasawa ya rubuta tarihin sarakunansu, kuma shi da Tilho suka fitar da nahawun Hausa da tatsuniyoyi da ƙamus. A gefen Ingilishi, likita ne kuma, Dalziel, ya buga littafin sunayen tsirrai na Hausa a 1916, ya jera kowane suna da takwaransa na Latin. Duk wanda ya duba waɗannan littattafai zai ga cewa Bature bai gano itace ko ɗaya da kansa ba. Maharbi ne ko makiyayi ko mai magani ya nuna ya faɗi suna, Bature ya rubuta, sunan mai nunin kuwa bai shiga littafi ba. Har wa yau sunayen suna ɗauke da ilmin da Latin ba ya ɗauka. Manomi ya san kuka da ɗorawa da tsamiya in sun taru a tsakiyar dawa, to, gari ya taɓa zama a wurin. Ya san sabara da kalgo su ke fara rufe gonar da aka bari, marke da ƙirya kuwa sai daji ya daɗe. Da masu auna iyaka sun tambayi ma'anar abin da ake nuna musu, da sun karanta tarihin yaƙin Katsina da Maraɗi a jikin itatuwa. Akwai kuma wahalar karin harshe, gama abin da wani ke kira bagaruwa wani gabaruwa yake cewa, suna ɗaya kuma yakan hau itace biyu in an sauya gari.

Da hari ya ƙare, mutane suka fito daga ganuwa suka koma kufan iyayensu, suka sa gatari. Cikin shekara talatin dajin ya ja baya ƙwarai, har wani malamin gandun daji na Jami'ar Edinburgh, Stebbing, da ya zaga ƙasar a 1934, ya rubuta a 1935 cewa Sahara ce ke tahowa kudu. Maganar ta tayar da hankalin gwamnatocin biyu, suka haɗa wata ƙungiya ta masana daji ta bi iyakar daga ƙarshen 1936 zuwa farkon 1937. Cikinsu akwai Aubréville na Faransa, da Collier da Dundas da Brynmor Jones na Nijeriya. Suka ce ba su ga rairayi na tafiya ba, abin da suka gani sara ne da ƙuna da yawan noma.  Stebbing ya ga raguwar daji da gaske, sai dai ya auna ta da dajin da yaƙi ya tsirar, yana zaton haka ƙasar take tun asali.

Abin da ya tsira shi ne wanda hukuma ta killace: gandun Ruma da Kukar Jangarai a kudu da Jibiya, wanda aka mai da shi makiyaya, da Babban Rafi a hayin Nijar wajen Madarunfa. Giwaye sun riƙa ƙetarawa tsakanin dazuzzukan nan har cikin shekarun 1990, ba ruwansu da alamun O'Shee da Tilho. An kuma datse kogin Gada a Jibiya wajen 1990, ruwan da ke gangarawa Gulbin Maraɗi ya canza lokacinsa. Daga shekarun 2010 'yan bindiga suka mai da dajin Rugu maɓoya, ƙauyuka da dama na Jibiya da Batsari da Safana suka tashi, soja suka shiga. Gonakin da aka gudu aka bari sabara ta fara rufe su, kamar yadda ta yi a zamanin Ɗan Baskore.