Haraji da Tasowar Jam'iyyun Siyasa a Arewacin Nijeriya, 1950-1979

Gabatarwa

Idan ana koyar da tarihin Jamhuriya ta Farko a makarantunmu, galibi akan tsaya ne ga sunayen jam'iyyu da shugabanninsu da shekarun kafuwarsu. Wannan maƙala tana ganin cewa ɗalibi ba zai fahimci dalilin da ya sa talakan ƙauye ya yanki katin jam'iyya ba, sai an fara nuna masa yadda ake karɓar haraji a wancan zamani.

Tushen Matsalar

Tun kafin zuwan Turawa, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya lissafa jangali cikin zaluncin sarakunan Hausa a littafinsa Kitabul Farƙi. Bayan cin ƙasar, Gwamna Lugga ya yi dokar kuɗin shiga ta 1906, wadda ta tattara tsofaffin kuɗaɗen da ake biya ta mayar da su haraji, sannan ta bar jangali a kan shanu. Mai unguwa da dagaci ne ke karɓa, su miƙa wa hakimi, shi kuma ya kai baitulmalin En'e. Wannan En'e ɗin ce kuma ke riƙe da 'yan doka da kotun alƙali da gidan yari. Ke nan wanda aka yanka wa haraji fiye da ƙima ba shi da inda zai kai kuka, sai wurin wanda ya doke shi.

Shigowar Jam'iyyu

A wannan hali ne aka kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, Malam Aminu Kano ya zama shugabanta a 1953. 'Yan NEPU sun riƙa wayar da kan jama'a a kan su nemi rasit, su ƙi biyan abin da ya wuce na doka, su kuma ƙi noman gandun sarki kyauta. NPC kuwa, wadda ta zama jam'iyya a 1951, ta dogara ne ga sarakuna da ma'aikatan En'e. Saboda haka lokacin haraji ya zama lokacin ramuwa: akan ƙara wa ɗan hamayya kuɗi, in ya kasa biya a kai shi gaban alƙali. Duk da goyon bayan talakawa, kujeru 8 kacal NEPU ta samu a zaɓen tarayya na 1959.

Ba a ƙasar Hausa kaɗai abin ya tsaya ba. A ƙasar Tibi, magoya bayan UMBC ta Joseph Tarka sun yi bore a 1960, suka sake yi a 1964, shekara guda bayan Nijeriya ta zama jamhuriya, kuma ƙin biyan haraji ga En'e yana cikin manyan alamomin boren.

Juyin mulkin 1966 ya rusa jam'iyyun, amma ƙorafin bai mutu ba. Da PRP, magajiyar NEPU, ta ci jihohin Kano da Kaduna a 1979, cikin matakan farko da gwamnoni Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka ɗauka akwai soke haraji da jangali.

Kammalawa

Ɗaliban Abuja suna zaune ne a birnin da aka sa hannu kan sababbin dokokin haraji a watan Yunin 2025, bayan muhawara mai zafi game da rabon kuɗin tsakanin jihohi. Ya dace masu tsara manhaja su haɗa darasin jam'iyyu da na haraji wuri guda. Malami na iya tura ɗalibai su tambayi dattawan garuruwan Abaji da Kuje da Bwari yadda aka karɓi haraji a zamanin En'e, su rubuto abin da suka ji cikin Hausa, tare da bayanin kalmomi irin su jangali da gandu da baitulmali da sawaba. Dattawan da suka ga wannan zamani da idonsu kullum raguwa suke yi.