Nisan Agadas da Yamai Ba Rairayi Ne Ya Kawo Shi Ba

Tsakanin Agadas da Yamai, idan aka bi ta sama, kimanin kilomita 740 ne, tafiyar da ba ta cika awa biyu ba. A mota kuwa, ta Abalak da Tawa da Dosso, sai an haura kilomita 900. Daga nan ne mutane suke kiran Agadas lungu. Amma garin da Sarkin Abzin ya mayar mazauninsa tun ƙarni na 15 bai taɓa zama bayan gari ba. Mararraba ce. Ayarin Larabawa daga Gat da Tarabulus nan yake sauke kaya, har sarautar Sarkin Turawa aka naɗa domin kula da waɗannan fatake. Raƙuman Buzaye su ɗauko kantun gishiri da dabino daga Bilma da Fachi, su gangara Damagaram da Kano, su komo da gero da baƙin turkuɗi mai sheƙi. Hasumiyar masallacin Juma'a, mai tsawon mita 27, da itatuwan da suka leƙo daga jikin yumɓunta, shaida ce ta gari mai wadata. Lokacin da Heinrich Barth ya sauka a 1850, kasuwa da Hausa ake ci. Fuskar garin arewa da kudu take kallo.

Faransawa ne suka juya ta yamma. Bayan sun murƙushe boren Buzaye ƙarƙashin Kawusan a 1917, inda jama'ar Abzin da dabbobinsu suka sha mummunar ɓarna, sai a 1926 suka ɗauke babban birnin ƙasar daga Damagaram, mai nisan kimanin kilomita 450 daga Agadas, suka kai shi Yamai, can bakin Kwara. Rana ɗaya tafiyar neman hukuma ta ninka. Wani zai ce ai cinikin Sahara ya riga ya mutu tun da jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, kaya suka koma bin teku. Gaskiya ne, amma mutuwar ciniki daban, nesanta mutum da wurin da ake yanke masa hukunci daban. Ko kwaltar Tawa zuwa Arlit sai da aka fara haƙar yuraniyom aka shimfiɗa ta, don a fitar da ma'adini.

Akwai kuma masu cewa jirgin sama ya kashe wannan magana. To, wa yake hawansa? Masu yawon buɗe ido daga Faransa sun yi ta sauka kai tsaye kafin tawayen Buzaye na 2007. Amurka ta gina sansanin jirage marasa matuƙi a gefen garin, ta bar shi a 2024. Filin jirgin kansa sunan Mano Dayak yake ɗauke da shi, jagoran Buzaye da jirginsa ya faɗi a Disambar 1995 yana kan hanyar zuwa Yamai tattaunawa. Mai jinya da ɗalibi da ɗan kasuwar albasa har yau bas suke shiga da asuba, su wuni suna fama da ramuka. Hukumar da ke son Agadas ta matso kusa, sai ta gyara hanyar Tawa, ta kuma kai manyan asibitoci da ofisoshi can Abzin.