Sollal: bukin da aka hana wa sunansa kusan shekara 90

Nufinmu a cikin wannan ɗan nazari shi ne mu bi tarihin wani buki ta hanyar sunayen da aka riƙa laƙaba masa. Bukin shi ne na shiga sabuwar shekara a ƙasar Koriya, wanda masu shi ke kira *sol* ko *sollal* (kalmar *nal*, «rana», ita ce aka ɗafa, *n* ɗinta ya rikiɗa ya koma *l* saboda maƙwabtaka). Abin da ya ja hankalinmu gare shi shi ne tun daga 1896 har zuwa 1985 babu shi cikin ranakun hutun gomnati, amma gidaje ba su taɓa barin sa ba. Za mu rubuta kalmomin Koriya da haruffan Hausa gwargwadon yadda kunne ke jin su.

1. Abin da ake yi a gida

Tsohuwar kalandar Koriya, wadda aka aro daga Sin, da wata take lissafi, amma kusan kowace shekara uku ana ƙara wata na 13 don kada watanni su guje wa damina da rani. Shi ya sa sollal ba ya zagaye shekara kamar yadda sallolinmu ke yi: kullum tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu yake faɗowa, a tsakiyar ɗari.

Da sassafe dangi ke taruwa a *kunjip*, «babban gida», watau gidan babban ɗa. Aikin farko na matattu ne, ana ce da shi *carye*. Ana shirya teburi da abinci da ƴaƴan itace da giyar shinkafa a gaban alluna ko takardun da ke ɗauke da sunayen kakanni, har hawa huɗu a bisa ƙa'ida. Bayan an gama da matattu sai a juyo ga rayayyu: yara da samari su durƙusa, goshi har ƙasa, a gaban kakanni da iyaye, kowa bisa girmansa. Wannan gaisuwa ita ce *sebe*. Jiki ma yana da nahawunsa a nan: ga mai rai sau ɗaya ake durƙusawa, ga mamaci sau biyu, namiji yana aza hannun hagu bisa na dama, mace kuwa akasin haka. Yaro ya ce *sehe pok mani padiseyo*, «ku samu albarka mai yawa a sabuwar shekara», da ɗafin girmamawa a jikin aikatau. Babba ya ba shi ƴan kuɗi, kamar dai na barka da salla, ya kuma sa masa albarka.

Wannan sa albarkar, *tokdam*, ita ce ta fi burge mu. A tsohon salo ba a roƙo ake yin ta ba. Babba yakan faɗi abin da yake wa yaro fata kamar ya riga ya faru, a shuɗaɗɗen lokaci (accompli), misali ya ce ya ji labari bana an samu ɗa, ko an warke daga ciwo, alhali shekarar ko wuni ɗaya ba ta yi ba. Bahaushe yana cewa «Allah ya ba ka», yana jira. Larabci kuwa a wajen addu'a yakan yi amfani da aikatau na abin da ya wuce, kamar yadda mutanen Koriya na da ke yi. Yau dai wannan salo ya ja baya.

Daga nan sai cin *tokkuk*, romo mai ɗauke da yankakken tuwon shinkafa fari. Wani malami mai suna Hong Sok-mo ya riga ya bayyana shi a littafinsa na al'adun shekara a 1849. A lissafin gargajiya jariri da shekara ɗaya ake haihuwar sa, kuma kowa a sabuwar shekara yake ƙara ɗaya, ba ranar haihuwarsa ba. A harshen ana «cin» shekaru ne, don haka ake tambayar yaro kwano nawa na tokkuk ya ci. A rubuce-rubucen ƙarni na 15 kalmar *sol* ɗin kanta ita ake ƙidaya shekarun mutum da ita, inda yau ake cewa *sal*. Sauran wunin na wasa ne, musamman *yut*, da ake yi da ƴan sanduna huɗu.

2. «Sabuwa» da «tsohuwa»

Bukin tsoho ne. Tarihin daular Sui ta Sin, wanda aka rubuta a ƙarni na 7, ya ambaci yadda mutanen masarautar Shilla ke gaisawa ran farkon shekara, sarki kuma ya yi walima. Tsarin carye kuwa ya kafu ne a zamanin daular Coson, wadda ta fara a 1392 ta kuma ɗauki koyarwar malamin Sin Zhu Xi a matsayin dokar iyali.

An karya wannan lissafi a ƙarshen 1895. Majalisar sarki Kojong, wadda a lokacin Japan ke juya ta, ta yanke cewa ranar 17 ga wata na 11 ita ce za ta zama 1 ga Janairu 1896. Japan ta riga ta yi haka tun 1873. Sai dai a duba lokacin: a Oktoban 1895 mutanen Japan suka kashe sarauniya Min a cikin fada, kuma tare da sabuwar kalanda aka fito da dokar aske tukkun maza. Talaka bai ga lissafin taurari a cikin wannan canji ba, hannun baƙo ya gani.

A zamanin mulkin mallakar Japan (1910-1945) ne kalmomi biyu suka bazu: *shinjong*, «sabon farkon shekara», ga 1 ga Janairu, da *kujong*, «tsohon farkon shekara», ga sollal. Duka biyu da haruffan Sin aka gina su, kuma ɗaya ba ta da ma'ana sai da ɗayar. A ganinmu nan ne dabarar take. Wanda ya ce kujong ya riga ya yarda, ko bai nufa ba, cewa abin nasa ya tsufa, akwai magajinsa a tsaye. Jama'a suka rama da nasu baki, suka riƙa ce wa 1 ga Janairu «sol ɗin Japan». Mai karatu a Maraɗi ko Damagaram, inda ake cewa sabuwar shekarar Nasara, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

Abin lura shi ne samun ƴanci bai kawo sauyi ba. Dokar ranakun hutu ta 1949, a ƙarƙashin Syngman Rhee, mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana adawa da Japan, ta ba 1 ga Janairu kwana uku, ta ba bukin kaka na Cusok kwana ɗaya, sollal kuwa ba ta ambace shi ba. Aka ƙirƙiro masa laifi mai suna *ijung kwase*, «ƙetare shekara sau biyu»: ɓarnar dukiya da ɓarnar ranakun aiki. Gomnatin Park Chung-hee (1961-1979), wadda ta sa ƙarfinta duka a masana'antu da sayar da kaya waje, ta ƙara matsa wannan magana. Ma'aikacin gomnati yana ofis ran sollal, ɗansa yana lakwal.

Amma siyasar nan ita ce ta ƙara wa bukin ƙarfi ba da saninta ba. Masana'antu sun kwashe samari da ƴan mata daga ƙauyuka zuwa Seul da Busan, babbar hanyar da ta haɗa biranen biyu an buɗe ta a 1970, sai ya zama sollal da Cusok su ne lokutan da ɗan ci-rani ke ganin uwarsa. Tashoshin jirgin ƙasa suka riƙa cika maƙil a ranar da kalandar hukuma ta ce ranar aiki ce. Buki na cikin gida ya koma tafiyar ƙasa baki ɗaya.

A 1985 gomnatin Chun Doo-hwan ta saki kwana ɗaya, amma da wani suna: *Minsoge nal*, «ranar al'adun gargajiya». Wannan suna ya cancanci a tsaya a kansa, don ya nuna hukuma ta fi jin nauyin kalmar bisa ga ranar. An ba da hutun, an ƙi furta *sol*, an mai da abin da mutane ke yi da ransu kamar kayan ajiya na gidan tarihi. Sunan shekara huɗu kawai ya yi. A 1989, bayan tarzomar neman dimokuraɗiyya ta 1987 da wasannin Olimpik na Seul na 1988, gomnatin Roh Tae-woo ta rubuta *Sollal* cikin doka, da hutun kwana uku. Ita kuma 1 ga Janairu ta riƙa raguwa, kwana biyu daga 1990, kwana ɗaya daga 1999. Koriya ta Arewa ma, wadda ta soke bukin da sunan yaƙi da raguwar mulkin sarauta, ta maido shi a 1989. Waɗanda yaƙin 1950-1953 ya raba da garuruwansu na Arewa kuwa, a Imjingak, kusa da iyaka, suke shirya teburinsu, su durƙusa suna fuskantar arewa.

3. Gardama ta koma cikin gida

Da gomnati ta janye, sai tambayar da aka daɗe ana dannewa ta fito: wa ke dafa abincin? Kakannin na miji ne, maza ke jagorantar carye, amma matan ƴaƴa su ke kwana a kan tukunya. Har an samu kalma ga gajiya da ɓacin ran da ke biyo baya, *myongjol cunghugun*, «ciwon buki». Harshen kansa yana ɗauke da bambancin. Mace tana kiran gidan mijinta *shidek*, da *dek* na girmamawa, miji kuwa yana kiran gidan matarsa *coga*, da *ga*, «gida» kawai. Ƙannen miji tana kiran su da laƙabin da bayi ke kiran ƴaƴan ubangijinsu a da. A al'ada gidan miji ake fara zuwa, na mata sai abin da ya rage na hutu.

Doka da hukumomi sun biyo baya sannu a hankali. Tsarin rajistar iyali da ke sa namiji shugaban gida, kotun tsarin mulki ta yanke a 2005 cewa ya saɓa wa tsarin mulki, aka daina aiki da shi a farkon 2008. A 2022 Songgyungwan, tsohuwar cibiyar malaman Konfushiyas, ta fito ta ce ƴan kwanoni kaɗan sun isa teburin carye, kuma ba dole ba ne a soya wainar *jon*, wadda ita ce ke cinye wa mata wuni guda. Ranar 28 ga Yuni 2023 aka fara aiki da dokar da ta sa lissafin shekaru daga ranar haihuwa a takardun hukuma, watau kwanon tokkuk ba ya ƙara wa kowa shekara a gaban alƙali. A Disamban wannan shekarar kuma aka sa sollal cikin jerin al'adun ƙasa da hukuma ke karewa, a shekarar da adadin haihuwa ya faɗi zuwa 0,72 ga kowace mace. Gidaje da yawa yau ɗa ɗaya gare su, sau da yawa ƴa mace, ga gidajen kakanni biyu suna jiran sebe a safiya ɗaya.