Wuri Na Gugar Wuri: Inda Kuɗi Ya Samo Sunansa

Idan muka ji an ce an biya wani naira miliyan goma wuri na gugar wuri, mun san ana nufin an ƙirga masa kuɗinsa lakadan. Sai dai kaɗan ne daga cikinmu ke tsayawa su tambayi wane wuri ne yake gugar ɗan'uwansa. Asalin maganar shi ne wurin nan da muke gani a jikin ƙwaryar ado ko a wuyan ɗan dambe. Kalmar kuɗi kanta jam'in wuri ce: ɗaya wuri, da yawa kuɗi.

Wuri ƙwanson wata ƙaramar halittar teku ce, kuma mafi yawan wanda kakanninmu suka fara kashewa daga tsibiran Maldibs ya fito, can cikin Tekun Indiya. Mutanen can sukan jefa ganyen kwakwa a ruwa, halittun su manne a jiki, a jawo su tudu a shanya har naman ya mutu, a wanke ƙwanson. Ibn Baɗɗuɗa ya ga ana ciniki da shi a tsibiran, ya kuma tarar da shi a Mali da Gao a ƙarni na 14. Daga baya jiragen Turawa suka riƙa kwaso shi zuwa Landan da Amsterdam, su sauke shi a gaɓar Afirka ta Yamma su sayi bayi. Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, wanda ya yi mulki daga 1703 zuwa 1731, wuri ya shigo ƙasar Hausa.

Abin da ya sa ya karɓu a bayyane yake. Ba ya ruɓewa, gara ba ta cinsa, ba a iya yin jabunsa, kuma da 'yan ƙwayoyi mace za ta sayi daddawa ko gishiri. Wahalarsa ƙirga da nauyi. A bakin teku ana shirya shi a zare, amma a nan sai a zube shi a ƙasa ana jansa biyar-biyar da yatsu. Dubu ashirin ne keso guda. A 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya ga yadda aka sha fama wajen ƙirga wuri 500,000 a Tasawa, kuma a Kano ya tarar ana canza dalar azurfa ɗaya a kan wuri 2,500. Saboda nauyin nan ne manyan fatake suka fi son riƙe dukiyarsu a tufafi da dawakai, har da bayi. Wannan ɓangare na labarin ba mai daɗin ji ba ne, amma haka aka yi.

Yawa ne ya kashe wuri. Daga wajajen 1845 'yan kasuwar Hambug ta Jamus suka fara jigilar wani nau'insa mai araha daga Zanzibar, suna jibge shi a Legas da maƙwabtanta. Kasuwa ta cika, darajarsa ta yi ta zubewa, har ta kai kuɗin dakonsa na neman cinye kayan da aka ɗauko. Wanda ya shekara ashirin yana tara keso a ɗaka ya wayi gari tarinsa na nan, amma abin da zai saya ya ragu. A 1904 gwamnatin Turawa ta hana shigo da shi, aka kawo kwabo da anini masu huda a tsakiya, aka matsa a biya haraji da su.

Duk da haka harshe bai saki tsofaffin kuɗaɗe ba. Rabin kwabo sai aka kira shi ɗari, saboda wuri ɗari da ake musanya shi da su. Dala na nan a Nijar, tana nufin sefa 5. Jaka, wadda a da take ɗauke da fam 100, ta koma naira 200 bayan canjin kuɗi na 1973. Har gobe muna cewa ba mu da ko sisi, alhali yaranmu ba su taɓa ganin sisi ba.

Mu da muka ga dogayen layuka a bakin bankuna lokacin sauya fasalin naira a farkon 2023, muka kuma ga farashin kwanon masara yana ninkawa, mun ɗanɗani abin da mai keson nan ya ɗanɗana. Wuri ya yi kusan shekara 200 yana juya kasuwar Kurmi. Yau sai dai a ɗinka shi a jikin kayan ado.