Daga Yatsan Kiratilas Zuwa Harshen Gazali

A shekara ta 427 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wani gwanin magana mai suna Gorgiyas ya zo Atina daga tsibirin Sisili. Shi ne ya kafa hujjar da ta daɗe tana damun masana: ko da akwai wani abu, ba za a san shi ba, in kuwa an san shi, ba za a iya isar da sanin ga wani ba. Dalilinsa shi ne launi na ido ne, sauti na kunne, abin da ke fita daga baki kuwa magana ce kawai. Abin dariyar, da magana yake cin abinci.

Wani masani mai suna Kiratilas ya wuce nan. Aristotal ya ruwaito cewa tunda komai na sauyawa kafin a gama kiran sunansa, sai mutumin ya daina magana, ya koma nuni da yatsa.

Wanda ya mayar da shakka tafarkin rayuwa shi ne Firon na Elis, da ya bi rundunar Iskandari har Indiya. Bai bar littafi ba. Sai wajen ƙarni biyar bayansa wani likita, Sektus Emfirikus, ya tattara hujjojin mabiyansa: zuma na da zaƙi ga mai lafiya, tana da ɗaci ga mai shawara, to wanne ne ɗanɗanonta? Maganinsu a dakatar da hukunci, a tsaya kan yadda abu ya bayyana.

A ganina babu wanda ya ɗanɗani wannan matsala kamar Imam Gazali, wanda malamanmu na zaure suka fi sani da Ihya'u. A cikin littafinsa Munƙizu minad Dalal ya ba da labarin yadda ya tuhumi idonsa. Inuwa ana ganinta a tsaye, alhali tafiya take yi. Tauraro ana ganinsa kamar dinari, lissafi kuma ya nuna ya fi ƙasa girma. In hankali ya ƙaryata ido, me zai hana a sami wani alƙali a sama da hankali? Kusan wata biyu ya yi cikin wannan hali, kuma da ya fita bai ce hujja ce ta fitar da shi ba, haske ne Allah ya jefa masa a ƙirji.

A 1095, yana babban malamin makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, da ɗalibai wajen 300 a gabansa, sai harshensa ya ɗaure, ya kasa ba da darasi. Ya ajiye muƙamin ya nufi Sham. Daga baya ya bambanta sanin ma'anar lafiya da zama mai lafiya, ya ce ilimin sufaye irin na biyun ne.

Turai ba ta waiwayi Sektus sosai ba sai da aka buga fassarar littafinsa da Latin a 1562, marubuci Monten ya karanta, masanin falsafa Dekat kuma ya zo ya sake ɗauko hujjar mafarki, wato mai barci kan ɗauki mafarkinsa gaskiya har sai ya farka, wadda Gazali ya riga shi amfani da ita da fiye da shekaru 500.